Ranar Da Na Tashi Mayar Wa Mata Tara Maganarsu

Ku gyara zama, jikokina, ku kifa wayoyin nan a cinya. Abin da zan ba ku yau ba tatsuniya ba ce, ko da yake bakin da ya saba ba ku tatsuniya ne zai faɗe shi. Shekaranjiya ina tsakar gida na ji ku a zaure kuna cewa, "Aikin Iya Abu ai ba aiki ba ne, danna waya ne a yi ta surutu." Har wani a cikinku ya ce shi ma gobe zai buɗe nasa shafin labarai. Allah ya ba da sa'a. Amma kafin ka buɗe, zauna ka ji yadda ake ɗauko magana daga bakin mai ita, a kai ta kunnen jama'a ba ta zube a hanya ba.

Ni ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta a bango sai an nuna mini. Makarantata ƙunshin kayan Goggo Tabawa ce, dillaliyar da babu gidan da ba ta shiga a Hunkuyi. Ina sabuwar bazawara ta ɗauke ni, ta ɗora mini kaya a ka, ta ce in bi ta a baya in rufe bakina har wata uku.

Kayan farko da ta bar ni in kai ni kaɗai wata atamfa ce mai kyau, sai dai garwashin turaren wuta ya ɗan taɓa gefenta. Na ninke ta yadda ƙunar ta shige ciki, na kai wani gida, aka saya nan take. Na dawo ina taƙama. Goggo Tabawa ta dube ni ta ce, "Kin nuna mata ƙunar?" Na ce a'a. Ta ce, "Koma." Rana tsaka ce, ƙasa na cin tafin ƙafa. Na koma na warware atamfar a gaban matar na nuna mata. Ta duba, ta yi dariya, ta ce ta gani tun ɗazu, jira take ta ga ko yarinyar Tabawa irin Tabawa ce.

Na biyu wasu farantai ne na wata tsohuwa, na yi kwana goma ina yawo da su ba wanda ya taya. Da na gaji sai na ba maƙwabciyarta na ce ta miƙa mata. Goggo ta ji. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta ce, "Abu, da hannunki kika karɓa, da hannunki za ki mayar. Ki durƙusa a gabanta ki faɗa mata gida nawa kika kai, da abin da kowa ya ce. Kayan da bai sami shiga ba, mai shi yana da haƙƙin jin dalili." Shekara ashirin da wani abu na yi ina dillanci a kan waɗannan darussa biyu, daga Hunkuyi zuwa Kudan, har aure ya sake kawo ni Makarfi.

To, shi labari ta ina ya shigo? Ta hannun Nura. Nura ɗan Ikara ne, ya yi karatu a Zariya, ya dawo ya haɗa abokansa uku suka buɗe gidan labarai a cikin waya, suka sa masa suna Tabarmar Yamma. Ba rubutu suka fi yi ba, saƙon murya ne. Kullum bayan la'asar sai ya faɗo wayoyin mutane: yadda kasuwa ta ci, inda taki ya iso, gadar da ruwa ya cinye, saniyar da ta ɓata. Wata rana ya yi sallama a ƙofar gidan nan, ya tsuguna ya gaishe ni har ya tambayi awakina. Sannan ya ce, "Iya, rabin mutanen ƙasar nan ban taɓa jin muryarsu ba. Duk gidan da na je, iyakata zaure. Ke kuwa an ce har ƙuryar ɗaki kike shiga."

Na ce, "Ɗan nan, ni ko lambar waya ban iya karantawa ba."

Ya ce, "Kunne nake nema, Iya, masu karatu sun yi mini yawa."

Bari in gaya muku kayan aikin, don kun ɗauka waya ce kawai. Wayar tana nan, an ɗiga mini jan farce a daidai inda zan danna. Akwai safar jariri da nake sa wa bakinta, in ba haka ba iska ce za ta yi magana, ba mutum ba. Akwai fawa bank, don ƙauyen da babu mai caji ya fi wanda ke da shi yawa. Akwai goro, ba don sayen baki ba, don tsohuwa ba ta buɗe zance da baƙuwa hannu rabbana. Sai tiyata ta awo, wadda ta fi komai ba mutane dariya.

Aikin da ya sa na fara ɗaukar tiya, labarin masara ne. Na je kasuwar Hunkuyi na tambayi 'yan awo, na zo Makarfi na tambaya, sai na faɗa wa duniya cewa masara ta fi sauƙi a Hunkuyi. Wasu mata suka haɗa kuɗin mota suka aiki mutum. Da aka dawo aka sake aunawa a gida, sai ga buhu ya rame. Ashe tiyar wanda na tambaya an buga gindinta ya shige ciki. Mata huɗu suka zo har gida, ba su zage ni ba, sun dai zauna sun yi shiru, wanda ya fi zagi. Washegari na faɗa da bakina a Tabarmar Yamma cewa na yi kuskure, ga yadda aka yi. Tun daga ranar duk mai awon da zai gaya mini farashi sai ya juye hatsinsa a tiyata na gani. Suna tsokanata, "Ga alkalin tiya nan ta iso!" Ina ce musu, "Mai tiyar ƙwarai ba ya tsoron alkali."

Wani aikin kuma a bayan Likoro ne, shanu suka shiga gonar dawa. Mai gonar ya yi mini magana har wayata ta cika da kukansa. Da yarinya ce ni, da na aika a haka, don labari ne mai daɗin ji. Na tafi ruga. Na yi gaisuwar da na iya da Fillanci, suka yi dariyar karyayyen harshena, suka ba ni nono. Sai ga shi burtalin da shanun ke bi tun kakanni an nome shi bara, ba su da ta inda za su wuce zuwa mashaya. Muka saka muryoyin biyu a jere. Ba mu ce ga mai gaskiya ba. Dagaci ya ji, ya kira su.

Kuma duk wadda na ɗauki muryarta, ba na fita gidanta sai na kunna mata ta ji kanta. Wata za ta rufe fuska ta ce, "Wayyo, haka muryata take?" Wata za ta ce, "Cire inda na ambaci mijina." Sai in goge mu sake. Sai ta ce "na yarda" sannan in ɗaura wayar a bakin zane. Waɗannan su ne masu sayen kayanmu: matan da ke jin mu suna surfe, direbobin da ke ɗaukar tumatir daga Ikara, masu dafa mazarƙwaila a bakin gonakin rake, makiyayi a gindin kirya. Ba su biyan mu komai, amma in ka yi musu ƙarya sau ɗaya, sun sallame ka.

Shekara biyar muna haka, sai shekarar wuya ta zo, kuma da fararen kaya ta zo.

Wani babban kamfanin waya, cikin masu layin da kuke sa wa kati, ya ga yadda mutane ke sauraronmu, ya ce zai sayi Tabarmar Yamma. Kada ku ce Nura kwaɗayi ya yi. Shekara biyar yana tafiyar da gidan da guminsa, abokansa biyu sun gaji sun tafi. Aka yi ciniki, aka saya, aka bar shi a matsayin edita, wato mai cewa wannan ya fita, wannan ya tsaya. Alherin da ya biyo baya ba zan ɓoye shi ba. Aka kama mana ofis a Makarfi mai sola. Duk mai layin kamfanin yana jin mu ko ba shi da data, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga macen da sai ta sayar da ƙuli take sa kati. Aka rarraba mana riguna masu tambarin kamfani. Tawa na shanya kuɓewa a kai, tana da faɗi.

Amma kasuwa ba ta yi shiru ba. Akwai wani mai rake a bakin tasha, Ɗanjuma, duk na wuce sai ya ɗaga murya, "Iya Abu, an ce an saye ku! Da bakin aka haɗa, ko shi an bar miki?"

Ina ce masa, "Bakin ya tsufa, ba su taya ba."

Ya ce, "Za mu gani ranar da akuyarsu ta ci gonar wani."

Na kai wa Nura wannan zance. Ya ce in kwantar da hankalina, manyan sun yi alkawari ba za su sa hannu a labari ba. Na ce, "A gaban wa suka yi alkawarin?" Ya ce a ofishinsu na Kaduna, da baki.

Akuyar ta ci gonar a cikin bazara. Wata tsohuwar abokiyar cinikina, Kande, ta aiko a kira ni. Tana zaune a wata unguwa a bayan Gubuchi, inda kamfanin nan da ya saye mu ya kafa ƙarfen sabis, dogo, an kewaye shi da waya, da janareta a gindinsa da tankin man gas. Taku kaɗan daga shingen akwai rijiyar da unguwar duka ke sha, tun kafin a haifi Kande.

Ta kai ni bakin rijiyar ta ce, "Ja da kanki." Na zura guga na jawo. Ruwan ya fito, wani shuɗi da kore na yawo a samansa kamar wuyan tantabara. Na sunsuna. Ko makaho ya san warin tashar mota. Na zagaya bayan shingen, na ga ƙasar gindin tankin ta yi baƙi ta jiƙe, alhali wata biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Na yi wa maigadin wurin sallama, ya ce shi ba a ba shi baki ba, ya dai faɗa wa masu kawo mai tun kaka.

Mata tara na ɗauka a ranar. Wata ta ce tuwonta warin inji yake, mijinta ya daina ci. Wata ta ce awaki sun ƙi sha. Wata ta ce yaranta cikinsu ya ɓaci, ba ta dai rantse ruwan ne ba, na ce to faɗi haka, kada ki ƙara kada ki rage. Mai ƙarfi tana tafiya unguwar gaba ta ɗebo na sha, mara ƙarfi tana tace wannan da ƙyalle ta yi bisimilla. Kowacce na kunna mata, kowacce ta ce ta yarda. Da zan tafi Kande ta riƙe hannuna ta ce, "Abu, an ce masu ƙarfen nan su ne iyayen gidanku yanzu. In ba za ta yiwu ba, gaya mini tun yanzu, kada mu zubar da mutuncinmu a banza." Na ce, "Na karɓa."

Na kawo wa Nura muryoyin da ruwan a cikin gora. Ya sunsuna ya runtse ido. Ya ce sai an ji ta bakin kamfani, na ce haka ne, ko makiyayi an je rugarsa. Ya buga wa wadda aka ɗora a kanmu daga Kaduna, Hajiya Safiya. Ta ce a dakata za su bincika.

Mako ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Kullum bayan la'asar Tabarmar Yamma na fita da farashin barkono da tallar sabon tsarin kira, babu rijiya. A mako na uku Kande ta aiko da tambaya ɗaya: "An fasa ne?"

Na shirya da safe na tafi ofis. Na sami Nura ya tasa kwamfuta a gaba ba ya ganin ta. Na ce, "Nura, rijiya fa?"

Ya ce, "Iya, na buga ya fi sau goma. Sun ce lauyoyinsu na dubawa. Sun ce laifin ɗan kwangilar da ke kula da injin ne. Sun ce in muka saka, abokan gasarsu za su yi ta yayatawa."

"Kai me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Mutum goma sha ɗaya ke ci a gidan nan yanzu, Iya. Wanda ya ci ladan kuturu…"

Na ce, "Na sani, dole ya yi masa aski. To ba komai. Gobe zan je in mayar musu."

"Ki mayar da me?"

"Maganarsu. Tara na karɓo. Zan shiga gida-gida, in kunna wa kowacce tata, in goge a gabanta, in gaya mata inda na kai da abin da aka ce."

Ya miƙe tsaye. "Iya, kin san abin da kike faɗa? In kika shiga gida tara kika ce masu sabis sun hana, kafin ranar kasuwa ta zagayo babu wanda bai ji ba daga Kudan har Ikara. Wa zai sake sauraronmu?"

Na ce, "Ɗan nan, ba barazana nake maka ba. Ban san wata hanyar ba ce. Kayan mutane ba ya kwana a hannuna ba ciniki ba bayani. Haka aka koya mini."

Ya ɗauki waya ya fita waje. Na ji shi yana cewa, "Hajiya, gara ki zo da kanki. Wannan ba a waya ake gane ta ba."

Washegari da hantsi ta iso. Ban ga dodo ba. Mace ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Iya, kada a yi mana mummunar fahimta. Ba hana ku muka yi ba, cewa muka yi a jira."

Na ce, "A jira zuwa yaushe, 'yata?"

"Sai an gama bincike."

"Jiran da ba shi da rana, a garinmu hani ake ce masa."

Ta ce kamfani zai gyara a hankali ba tare da an tara masa jama'a ba, ai gyaran ake so, ba tonon asiri ba. Na ce maigadi ya faɗa tun kaka, a hankalin ne ya kawo mu bazara. Ta ce, "Iya, ki duba, mu muka sayi gidan nan, mu ke riƙe da shi. A ce da bakinmu za a zage mu?"

Na ce, "Ba zagi a ciki, na saurara sau uku. Kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Me kuka gani a wurinmu kuka saya? Kujeru? Ba mu da su sai da kuka kawo. Yardar matan nan kuka saya. In kun fasa ta, me ya rage a hannunku?"

Na miƙe. Na ce, "Ni dai yanzu zan tafi. Amma ni aike ce, ban iya bayanin lauya ba. Tunda ke kika san dalilin, zo mu je ki faɗa musu da bakinki, kada in rage miki magana."

Ta dubi Nura. Nura ya dubi ƙasa. Ina jin ta ɗauka in ta je za ta lallashe su ne. Ta ce, "Mu je."

Muka shiga motarta mai sanyi har bayan Gubuchi. Nura ya tsaya a zaure, mu muka shiga. Kande ta ga baƙuwa mai tsadar mayafi, ta rikice, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo. Sai ta ja ni gefe ta raɗa mini, "Abu, na shiga uku. Ruwan da aka ɗebo daga unguwar gaba ya ƙare tun safe. Me zan ba ta?" Allah shaida ne, ban shirya wannan ba, ban kuma ce mata komai ba. Amma kun san ƙasarmu. Baƙo ya zauna a tabarmarka ba ka miƙa masa ruwa ba, gara a ce ba ka gida. Kande ta ɗauko kwanon shanta mai murfi, wanda ba ta fito da shi sai da dalili, ta tace ruwan rijiyar da ƙyalle har sau biyu, ta kawo ta durƙusa ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, abin da muke da shi ke nan."

Hajiya Safiya 'yar gida ce, ta san ba a mayar da ruwan maraba ba a kai baki ba. Ta buɗe murfin. Na ga hancinta ya motsa. Ta dubi abin da ke yawo a sama, ta dubi Kande a durƙushe. Ta yi bisimilla ta kurɓa.

Kande ta yi tsalle. "Kada ki haɗiye! Tofar, don Allah, cikinki bai saba ba!"

Ta riga ta haɗiye. Ta yi tari har idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wannan kuke sha?"

Kande ta ce, "Ranar da ƙafa ta ƙi tafiya."

Matan unguwa sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, sun jeru a jikin katanga. Ni kuwa abin da ya kawo ni na sa a gaba. Na kwance wayar daga bakin zane, na matsa gaban Kande na durƙusa, na kunna mata muryarta. Muka saurara har ta ƙare. Na ce, "Kande, ga maganarki na dawo miki da ita. Na kai ta ofis, ta yi kwana ashirin, ba ta sami shiga ba. Ga wadda za ta gaya miki dalili. In ta gama sai in goge a gabanki, in wuce gidan Asabe in mayar mata da tata."

Duk ido ya koma kan Hajiya Safiya. Ta buɗe baki. Na tabbata akwai maganar lauya da ɗan kwangila a kan harshenta, ta taho da su tun daga Kaduna. Kwanon yana hannunta. Ta rufe bakin. Can ta ce, "Iya, kada ki goge. Ba ni lokaci kaɗan."

Ta matsa gefen tsakar gida ta kira manyanta. Muna jin ta sarai, muryarta na hawa tana sauka. Kande ta dafa ni ta ce, "Kin ga sabis kam ba mu da matsala. Ko cikin rijiyar ka faɗa za ka iya kiran gida." Matan suka fashe da dariya, har ita mai wayar ta juyo.

Kada ku ɗauka a ranar aka gama. Kwana uku aka yi ana ja. Na ji an ce an yi mata faɗa sosai, an tambaye ta ko kamfani take wa aiki ko ƙauye. Nura ma ya sami ƙarfin gwiwa, ya tara ma'aikata suka aika cewa in labarin bai fita ba, a nemi wasu. A rana ta huɗu bayan la'asar, Tabarmar Yamma ta faɗo wayoyi da muryoyin mata tara, ba a cire ko tari ba. Bayansu sai muryar Hajiya Safiya da sunan kamfani, ta ce tankinsu ne, sun gani, za su gyara. Aka canja tankin, aka riƙa kawo ruwa a mota, kafin damina ta zauna an haƙa musu burtsatse nesa da shingen. Tsohuwar rijiyar dai an rufe ta, ba ta dawo ba. Kande har yau in ta wuce sai ta tsaya ta dube ta.

Da na bi ta tasha, Ɗanjuma mai rake ya hango ni. Ya zaɓi kara mai kauri ya fere ya miƙo mini. Na ce, "Da wane haƙorin?" Ya ce, "Ki kai wa bakin, na ga yana nan."

Bayan haka Nura ya ce ba zai sake zama a kan alkawarin baki ba. Aka yi wata biyu ana kai da kawowa, aka rubuta takarda. Ya karanta mini ita da Hausa. Edita ne mai cewa labari ya fita. In labarin ya shafi kamfani, za a ba su kwana biyu su kawo amsarsu, a sa ta a jere da shi, in ba su kawo ba a fita ba su. Talla kuma sai an ce "wannan talla ce" kafin a saka ta. Ya ce, "Ya yi, Iya?"

Na ce, "Ina za a ajiye ta?"

"A ofis, ɗaya a Kaduna."

"Gara na cin takarda, ɗan nan, manya kuma ana canja su. A karanta ta a Tabarmar Yamma, kowa ya ji. Abin da aka faɗa a gaban kasuwa ya fi wuyar musu."

Sai da aka sake ja a kan wannan ma, amma an karanta. Yanzu direban tumatir ya san da kwana biyun nan, mai surfe ta sani.

Ban ce muku an gama ba. Mai abu da abinsa yake, kuma wanda ya sa hannu yau ba lalle shi ne a kujerar gobe ba. Duk wanda zai shiga sana'ar nan a cikinku ya sani, irin wannan ranar za ta zo masa, ƙila ba rijiya ba, ƙila ba kamfanin waya ba. Ba kullum ake samun mai kurɓa ba.

Amma ga abin da na gani da idona. Da kaka ta yi, sabis ɗin kamfanin ya ɗauke a Likoro kwana huɗu, daidai lokacin da manoma ke kiran motocin da za su kwashe masara. Na je, na ɗauki mutum shida, na kunna musu suka yarda. Nura ya aika wa Kaduna ya ce ga abin da za mu saka. Rana ta farko shiru. Rana ta biyu na zauna a ofis tun azahar, wayar Nura na kan tebur a tsakaninmu, muna dubanta. Ta yi ƙara sau ɗaya, muka zabura, ashe matarsa ce tana tambayar ko ya sayo manja. Aka kira la'asar, muka yi salla muka dawo. Babu wanda ya ce a dakata.

Nura ya ce, "Iya, in saki?"

Na ce, "Kwana biyu sun cika?"

Ya ce, "Sun cika."

Na ce, "To me kake tambayata? Kai ne edita."

Ya danna. Labarin ya tafi a kan layinsu, ya shiga kunnen mutane kyauta. Amsarsu ta iso washegari da safe, da ban haƙuri, muka saka ta ita ma.

Nan zan ɗaure bakin zancen. Wanda ya ce gobe zai buɗe shafi, ya zo da sassafe ya raka ni Hunkuyi. Ya sa takalmi mai ƙwari, kuma ya rufe bakinsa wata uku.